Kwana 37 a ɗakin masu neman sa'a a Mumbai

A cikin 2023 wakilin mu ya raka kawun sa jinya ƙasar Indiya. Kuɗin otal ya gagara, ya koma wani hostal mai araha a unguwar Andheri, inda ya kwana ɗaki ɗaya da samarin da su ka baro garuruwan su don zama 'yan fim. Ga abin da ya gani.

TUN ina ɗan firamare na ke jin kamar na san Bombay. Na san babbar tashar jirgin ƙasan ta mai agogo a sama. Na san bakin tekun da jarumi ke takawa shi kaɗai idan an hana shi budurwa. Na san har kalar tasin garin, baƙi da rawaya. Iyayen mu sun kalli finafinan Indiya a Plaza da Orion da Marhaba, mu kuma mun same su a faifai, daga baya a waya da fassarar Hausa. Saboda haka ranar da aka ce in shirya zan raka Kawu Mumbai, sunan da garin ya koma tun 1995, abokai na sun ɗauka na tsinci dami a kala. Wani har cewa ya yi kada in dawo ba tare da hoton Shah Rukh Khan ba.

Sai dai ba yawon buɗe ido mu ka je ba. Kawu ne ke fama da ciwon zuciya, likitoci su ka ce sai an yi masa aiki. An sayar da fili, 'yan'uwa sun yi karo-karo, aka haɗa kuɗin da ƙyar. Dokar Indiya ta yarda mutum biyu su raka majinyaci, sai aka zaɓi matar sa, wadda mu ke kira Inna, da ni don in riƙa yin tafinta. Mun tashi daga Kano mu ka sauya jirgi a Addis Ababa, mu ka sauka Mumbai ran 22 ga Yuli, 2023, a tsakiyar damina.

Da aka ba Kawu gado a asibiti sai aka ce mutum ɗaya ne zai riƙa kwana da shi. Inna ta zauna, ni kuma na kama ɗaki a wani ƙaramin otal kan rufi 3,500 a kwana. Kwana huɗu na yi na gane ba za ta ɓulle ba. A watan Yuni na shekarar ne Babban Bankin Nijeriya ya saki naira, tun daga nan dala ke ta hawa, har ta haura N900 a kasuwar bayan fage cikin Agusta. Duk abin da za a turo mana daga gida kafin ya iso ya rame. Na ga kowane dare na yi a otal ɗin nan, kuɗin maganin Kawu na ke kwana a kai.

Koren fasfo

Ran 26 ga Yuli na rataya jaka ta na shiga neman wuri mai araha. Ruwa ake tsugawa kamar da bakin ƙwarya. A irin wannan rana ce a 2005 aka yi ruwan da ya kai milimita 944 cikin awa 24 a garin, sama da mutum 1,000 su ka rasu a ambaliyar, shi ya sa har yau mutanen Mumbai ba su wasa da ranar. Hanyar da ta bi ta ƙarƙashin layin dogo a Andheri ta cika maƙil an rufe ta, ni kuwa ina ta ratsa ruwa iya gwiwa da silifas.

Masauki na farko an ce akwai gado, amma ina miƙa fasfo sai gadon ya ƙare. Na biyu ma haka. A na uku manajan ya fito mani a mutum. Ya ce doka ta tilasta masu cike wata takarda da ake kira Fom C a kan duk baƙon da ba ɗan ƙasa ba, a tura wa hukumar shige da fice, kuma shi ba ya son 'yan sanda su riƙa yi masa sintiri saboda 'yan Afrika. Na nuna masa takardun asibiti, ya girgiza kai irin girgizar nan tasu da ba ka sanin e ce ko a'a. A'a ce.

Wallahi abin ya yi mani ciwo. Mutanen da na tashi ina haddace sunayen jaruman su, ga shi ko gado sun hana ni. Ina tsaye a ƙarƙashin wata rumfa ina tunanin komawa otal sai wani tsoho mai farin gemu da hula ya yi mani sallama. Na amsa. Da ɗan guntun Turancin sa ya tambayi abin da na ke nema, sannan ya ja ni wani lungu, mu ka hau bene hawa uku. Ashe shi ne maigadi kuma mai dafa shayi a wani hostal. Ya yi magana da yaron da ke kan kanta, aka ɗauki hoton fasfo da biza ta, aka cike fom ɗin cikin minti biyar. Gado rufi 700 a kwana, da shayin safe. Tsohon nan kowa Chacha ya ke ce masa, wato Baffa, ni ma haka na kira shi har na taho.

Gado mai lamba shida

Mai karatu, in ka taɓa zaman hostal a makaranta to ka san rabin labarin. Ɗakin bai fi shagon tela biyu ba. Gadaje huɗu ne na ƙarfe masu hawa biyu, mutum takwas ke nan. Kowa da lokar sa, amma kai za ka sayi kwaɗon ka. Kowane gado da ɗan labule, da ƙwan lantarki ƙarami, da wurin cajin waya. Banɗaki biyu ne na mutum kusan 20 da ke hawan, don haka duk wanda ya wuce ƙarfe shida bai yi wanka ba sai ya bi layi da bokitin sa. Ana kunna esi daga ƙarfe tara na dare zuwa bakwai na safe, sauran lokaci fanka ce ke ta juya iska mai ɗumi.

Zafin Mumbai ba irin na Kano ba ne. Namu ya na ƙona ka ne, nasu kuwa jiƙa ka ya ke yi. Garin a bakin teku ya ke, iskar cike da laima, ka na fitowa daga wanka za ka fara gumi. Na wanke kaftani na ran Litinin, har Alhamis bai bushe ba, sai ma wari da ya fara. Takalmi na na fata da na ajiye a ƙarƙashin gado sati ɗaya, na jawo shi na tarar ya yi koren gashi. Tawul-tawul da safa a rataye ko'ina, ɗakin na warin danshi da man gashi da albasa. Araha dai ba ta ado.

Ga hayaniya. Mumbai da kewayen ta na ɗauke da mutum sama da miliyan 20, kuma kamar kowa da hon ɗin sa. Tagar mu na kallon titi, har ƙarfe biyu na dare ba a daina. Da asuba hankaki su karɓa. Daren farko ban runtsa ba, ina kwance a gado na na sama, lamba shida, ina lissafin cewa yanzu a gida ko sallar isha ba a daɗe da yi ba, don sun riga mu da awa huɗu da rabi.

Abin dariyar da ya faru da ni da asubar farko shi ne na shimfiɗa darduma tsakanin gadaje na fuskanci inda rana ke fitowa. Mu da mu ka saba gabas ita ce alƙibla. Chacha ya shigo da butar shayi, ya tsaya har na sallame, sannan ya kama kafaɗa ta ya juya ni. A Mumbai Makka a yamma ta ke. Na sake sallar ina jin kunya. Daga ranar duk wanda ya ga na shimfiɗa darduma sai ya ɗauke takalman sa ya rage ƙarar waya, ba tare da na roƙi kowa ba.

Masu neman sa'a

Andheri ita ce matattarar 'yan fim na ƙasa-ƙasa. Situdiyon Yash Raj na nan, kuma a kusa, a yankin Versova, akwai wata unguwa mai suna Aram Nagar da ke cike da ofisoshin masu zaɓen 'yan wasa. Babban filin shutin ɗin su kuma, wanda ake kira Film City, ya na Goregaon, ba nisa. An kafa shi a 1977, daga baya aka sa masa sunan Dadasaheb Phalke, mutumin da ya yi fim ɗin Indiya na farko, Raja Harishchandra, a 1913. Don haka duk saurayin da ya baro ƙauyen su da burin zama jarumi, nan ya ke fara sauka.

A ɗakin mu mutum biyar irin su ne. Wanda ke ƙasa da gado na ɗan jihar Bihar ne, dogo, kyakkyawa, in ka gan shi sai ka rantse ka taɓa ganin sa a fasta. Ni Ɗan Bihar na ke ce masa, shi kuma ya ce mani Kano Bhai. Shekarar sa huɗu a Mumbai. Da safe ya goge riga ɗaya tilo ta fita kunya, ya tafi Aram Nagar ya bi layin gwaji, ya riƙe allo mai sunan sa da tsawon sa a gaban kyamara, a ce ya tafi za a kira shi. Da yamma ya hau babur ya riƙa kai wa mutane abinci gida-gida har tsakar dare. Babban abin da ya taɓa samu shi ne fitowa a matsayin ɗan sanda a wani shirin talbijin, ya buɗe ƙofar mota ya sara. Sakan bakwai. Ya nuna mani a wayar sa ya fi sau goma. Mahaifiyar sa a ƙauye ta na gaya wa maƙwabta ɗan ta ɗan fim ne.

Akwai wani Kirista ɗan Goa, ɗan rawa ne, irin waɗanda ke bayan jarumi a waƙa. Shi ya fi kowa samun aiki, amma gwiwar sa kullum a ɗaure. Akwai wani ɗan Punjab mai ƙirar ƙarfi da ke cin dafaffen ƙwai goma kowace safiya don ya samu fitowa a faɗa. Akwai marubuci da ke yawo da labari a jaka shekara uku ba wanda ya karanta. Na biyar bai cika magana ba, mataimakin mai haska fitila ne. Sai wani Bature ɗan Jamus mai yawon duniya da ƙatuwar jaka, da gado ɗaya da baƙi ke ta sauyawa a kai.

Da farko su na ɗari-ɗari da ni. Abin da ya fasa shi ne wani dare da ake musu a kan Sholay, fim ɗin 1975, wani ya manta sunan wanda ya fito a bos. Daga saman gado na ce Amjad Khan. Ɗakin ya yi tsit. Na ƙara masu da sunan darakta, Ramesh Sippy. Nan fa aka sauko da ni aka zaunar. Na ba su labarin yadda a ƙasar Hausa aka raɗa wa Dharmendra suna Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt kuma Ɗan Daba Mai Lasin. Na kunna masu wani fim ɗin su da aka fassara, su ka ji jarumin su na zuba Hausa, ɗan Punjab ya yi dariya har da faɗowa daga gado. Na nuna masu waƙoƙin finafinan mu na Kano, ɗan Goa ya kalla da kyau ya ce rawar ta yi sanyi, amma kayan 'yan matan sun burge shi. Ba wanda ya taɓa jin sunan Kano a cikin su kafin zuwa na.

Ƙofar Mannat

Su su ka koya mani zaman garin. Abincin talaka shi ne vada pav, ƙosan dankalin Turawa a cikin ɗan burodi da yaji, rufi 20 ka kashe yunwa. Shayi kuwa rabin kofi ake sha, mai citta da madara, sau biyar a rana. Chacha ya nuna mani gidajen abincin Musulmi inda zan ci nama hankali kwance, ya kuma gaya mani jan naman da zan gani na ɓauna ne, don jihar Maharashtra ta hana yanka shanu. Har mai sayar da ayaba a bakin titi da waya ake biyan sa, ni da ba ni da asusun bankin ƙasar sai neman canji.

Zuwa asibiti a-daidaita-sahu na ke hawa, irin namu sak, don yawancin na Kano ma daga Indiya ake kawo su. Bambancin shi ne nasu da mita, abin da ta nuna shi za ka biya. Jirgin ƙasa na cikin gari kuma, wanda ke ɗaukar mutum kusan miliyan bakwai a rana, ba a shigar sa da safe sai an shirya. Ƙofofi a buɗe ya ke gudu, mutane sun yi lilo a baki. Ɗan Bihar ya ce in rataya jaka a ƙirji, in tsaya a tsakiyar taro, su za su shigar da ni su kuma fitar da ni. Haka kuwa aka yi.

Wata Lahadi ya raka ni Bandra in cika alƙawarin abokai. Gidan Shah Rukh Khan, mai suna Mannat, ya na kallon teku. Abin da na gani dai doguwar katanga ce da baƙar ƙofa da allon suna da masu gadi, sai ɗaruruwan mutane na ta ɗaukar hoto. Mun yi awa biyu a tsaye, ko labule bai motsa ba. Na ɗauki hoto da ƙofar na tura gida. A hanyar dawowa Ɗan Bihar ya ce shi duk wata sai ya zo, don mai gidan ma daga Delhi ya zo garin ba shi da kowa a harkar. Na kalle shi, na kalli takalmin sa da ya fara buɗe baki, na yi shiru.

Yaron bos

Ana saura kwana biyar a yi wa Kawu aiki asibiti su ka ce gwaje-gwaje sun nuna sai an ƙara wani abu, kuɗi ya ƙaru. Na kira gida, kowa ya ce a yi haƙuri ana nema. A daren ne wani dillali mai neman baƙin fuska don shutin ya zo hostal ɗin. Baturen Jamus ya zo nema, za a sa shi ya zauna a gidan rawa da kofi a hannu. Da ya gan ni sai idon sa ya yi haske. Ya ce akwai aikin kwana uku a wani shiri, rufi 3,000 kullum, da abinci, har da magana layi biyu.

Jama'a, ku sa kan ku a matsayi na. Ɗan jaridar fim daga Kano, a ce ga ka a fim ɗin Indiya! Ga kuɗi ana nema ido rufe. Na tambaye shi wane rol ne. Ya ce yaron bos, ɗan Afrika mai sayar da ƙwaya, jarumi zai kama ni a lungu ya lakaɗa mani duka. Ya faɗa ya na murmushi, kamar albishir ya ke yi mani.

Na ce zan yi tunani. Bayan ya fita Chacha ya kira ni kicin. Ya ce, "Ɗa na, bizar ka ta rakiyar marar lafiya ce, ba ta aiki ba. In aka kama ka a wurin shutin za a kore ka daga ƙasar. Wa zai yi wa tsohuwar nan magana da likita?" Ɗan Bihar da ke bakin ƙofa ya ƙara da cewa shi ya sha ganin irin rol ɗin, kuma irin sa ne ya sa masu masauki ke ganin baƙar fata su ce gado ya ƙare.

Maganar nan ta tsaya mani a rai. Na tuna ranar da na sha ruwa ina yawo daga ƙofa zuwa ƙofa. Wato in karɓi rufi 9,000 in taya a ƙara rufe ƙofar a fuskar ɗan'uwan da zai zo baya na. Na kuma tuna yadda mu ma a finafinan mu mu ke yi wa wasu, in dai an sa baƙauye ko wanda Hausar sa ba ta nuna ba, to abin dariya ne ko ɓarawo. Da safe na kira dillalin na ce ba zan yi ba. Ba zan ɓoye maku ba, na yi kwana biyu ina jin zafin kuɗin. Allah cikin ikon sa, wani ɗan'uwa a Legas ya cike giɓin.

Amar da Anthony

Ana jibi aiki sai ga wata sabuwa. Asibiti su ka ce a kawo mutum uku su ba da jini a madadin wanda za a ƙara wa Kawu, haka tsarin ya ke a asibitoci da yawa a can. Na miƙa hannu na, su ka tambaye ni ko na yi zazzaɓin cizon sauro kwanan nan. Na ce na yi a watan Yuni. Su ka ce sai bayan wata uku da warkewa. Inna kuma jinin ta bai kai ba. A garin mutum miliyan 20 ba mu san kowa ba.

Na koma hostal na hau gado na ja labule. Ɗan Bihar ya leƙo ya ce lafiya? Na gaya masa. Bai ce komai ba ya fita. Washegari ƙarfe bakwai na ji ana bubbuga ƙarfen gado na. Su huɗu ne a tsaye sun yi wanka: shi, da ɗan Goa, da ɗan Punjab, da Baturen Jamus. Chacha ma ya sa hular sa zai bi mu, aka ce shekarun sa sun wuce 65, doka ba ta yarda ba. A asibiti aka mayar da Bature saboda sabon zanen da aka yi masa a dantse. Sauran ukun su ka kwanta a jere aka ɗiba.

Ina tsaye ina kallon su sai na tuna farkon Amar Akbar Anthony, fim ɗin Manmohan Desai na 1977, inda Vinod Khanna da Rishi Kapoor da Amitabh Bachchan su ka kwanta a jere su na ba wata mata jini ba su san uwar su ba ce. Na faɗa masu. Ɗan Goa ya ɗaga kai ya ce to ga Amar har biyu, ga Anthony, Akbar ne tsufa ya hana. Ma'aikaciyar jinyar ma sai da ta dara. Daga baya na ji ashe Ɗan Bihar gwaji ya fasa zuwa a ranar, wanda ya yi sati biyu ya na jira.

Na kai su wurin Inna. Ba ta jin yaren su, ba su jin nata. Ta riƙa kallon su hawaye na zuba ta na cewa, "Allah ya yi maku albarka, 'ya'yan nan. Allah ya jiƙan iyayen ku." Ɗan Punjab ya sunkuya zai taɓa ƙafar ta irin gaisuwar su ga manya, ta ja baya da sauri ta na salati, na yi mata bayani. Ran 8 ga Agusta aka yi aikin, awa shida, aka kuma dace. Da Kawu ya farfaɗo ya ji labari, cewa ya yi, "Kai yaro, ashe yanzu ni ma Ba'indiye ne." Ya ce in ba su kuɗi, ko sisi su ka ƙi karɓa. Kilishin da mu ka zo da shi kawai su ka yarda su ci, ban da Ɗan Bihar da ba ya cin nama, shi dabino ya samu.

Ƙarfe sha ɗaya da rabi

Sauran kwanakin sun zo da sauƙi. Ran 23 ga Agusta mu ka taru a gaban talbijin ɗin hostal mu ka kalli kumbon Indiya, Chandrayaan-3, ya sauka a duniyar wata, aka yi ta ihu ana raba alewa har da ni. Kafin in taho na ce dole in yi masu wani abu, sai na ɗauki su ukun zuwa silimar Maratha Mandir da ke kusa da tashar Mumbai Central. A nan ake nuna Dilwale Dulhania Le Jayenge tun fitowar sa a Oktoba 1995, in ban da lokacin kullen korona, yanzu kuma kullum da ƙarfe 11:30 na safe. Kuɗin tikitin mu huɗu bai kai na kwana na ɗaya a hostal ba. 'Yan kallon leburori ne da direbobi da masoya, wasu ma sanyin fanka su ka shigo sha. Amma da Shah Rukh ya miƙo hannu daga ƙofar jirgi, Kajol na gudu, sai fito da tafi su ka kaure kamar yau aka fara nunawa. Na waiga na ga Ɗan Bihar bakin sa na motsi, ya na bin maganganun kalma bayan kalma.

Ga duk wanda tafiya irin wannan ta kama, ga abin da na koya. Ka tabbatar masaukin na karɓar baƙi 'yan ƙasar waje kafin ka ɗauki jaka, ka kira su ka faɗi ƙasar ka tun a waya. Ka tafi da kwaɗo, da silifas na roba, da kaya marasa nauyi masu saurin bushewa in damina ce, wato Yuni zuwa Satumba. Fasfo da kuɗi kada su rabu da jikin ka ko wanka za ka shiga. Ka zaɓi gadon ƙasa in ka samu. Kada kwaɗayi ya sa ka yi abin da bizar ka ba ta yarda ba. Kwana 37 na yi a kan rufi 25,900. Da a otal na zauna da ya haura 129,000.

Mun baro Mumbai ran 1 ga Satumba, saura kwana shida a saki Jawan, fastocin sa sun cika gari. Ban ga Shah Rukh Khan ba, ban ga ko jarumi ɗaya ba. Abokai na har yau su na yi mani tsiya, wai na je Indiya na dawo da hoton ƙofa. Kawu na nan garau, ya koma kasuwa. Mu na gaisawa da Ɗan Bihar a waya lokaci-lokaci. Ya ce ya samu wani rol na ma'aikacin otal, wannan karon har da magana, kuma har yanzu ya na gado mai lamba biyar.

Ni dai tun da na dawo kallon fim ɗi na ya sauya. In jarumi na rawa, ido na na kan na bayan sa. In ɗan sanda ya buɗe ƙofar mota sai in tsayar da faifan in duba fuskar sa. Ku ma in kun zauna kallo a daren yau, na Indiya ne ko namu na gida, ku ɗan duba waɗanda ke tsaye a gefe. Wataƙila a cikin su akwai wanda jinin sa ke yawo a jikin kawu na.